Kafin Kuɗin Jirgi, a Fara Neman Harshen Masu Gari

A watan Agustan 2025, a taron TICAD karo na 9 da Japan ta shirya wa shugabannin Afirka a birnin Yokohama, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen waje ta Japan, JICA, ta sanar da ƙulla zumunci tsakanin garuruwa huɗu na Japan da ƙasashe huɗu na Afirka. Gana ta samu Sanjo, garin maƙera da ke jihar Niigata, Nijeriya ta samu Kisarazu, Tanzaniya ta samu Nagai, Mozambik kuma Imabari. Manufar shirin musayar ziyara ce da horaswa, amma kafin a ce kwabo labari ya canza kama a wayoyin mutane: wai Japan ta ba 'yan Afirka garuruwa, wai akwai biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta musanta, mazauna garuruwan suka cika ofisoshin hukumominsu da kiran ƙorafi, kuma kafin Satumba ta ƙare JICA ta janye shirin ɗungurungum. Duk wanda ya san majalisun samari a unguwannin Aboabo, Asawase da Sabon Zango na Kumasi ya san yadda irin wannan labari yake tashi, ya kuma san tambayoyin da suke biyo bayansa: nawa ne, kuma wa ke da hanya? Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa zai koya mana harshen mutanen. Ra'ayina shi ne, duk ɗan Zangon Kumasi da ya sa Japan a ransa, ko don aiki ko don fatauci, Japananci ne jarinsa na farko, kuma ya kamata ya fara tara shi tun yana gida, kafin ya miƙa ko sidi ɗaya ga mai koneshan.

Ba sai an je nesa neman hujja ba, domin Zango kanta a kan wannan gaskiya aka gina ta. Fataken Kano da Katsina da suka riƙa tako hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro ba su san harshen masu goron ba, don haka kowane ayari yakan sauka a gidan mai masauki. Shi yake ajiye musu kaya, shi yake nemo mai saye, shi yake tafinta a wajen ciniki, shi kuma yake cire la'adarsa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jama'arta suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa, Kumasi ma ta samu rabonta. Waɗanda suka yi ƙarfi a nan su ne waɗanda suka iya zama tsakanin baƙo da Asantawa, suna magana da wannan da Hausa, suna juyawa ga wancan da Twi. Har gobe yaron da ya tashi a Alabar yana ciniki da Twi a kasuwar Kejetia, yana hira da Hausa a gida, yana karatu da Turanci da Larabci, wataƙila kuma yana gaisar da kakarsa da Dagbanci ko Zabarmanci ko harshen Mosawa. Mu ne muka fi kowa sanin cewa da ɗan gari akan ci gari, domin mun daɗe muna cin abinci da kasancewa 'yan garin da baƙo yake buƙata. To wanda ya sauka a filin jirgin Narita na Japan ba ya jin ko gaisuwa ya koma matsayin bafataken da ya iso Salaga jiya: komai nasa yana hannun mai masauki, kuma la'ada za ta riƙa fita daga guminsa muddin bai iya yi wa kansa magana ba.

Halin da Japan take ciki ne ya sa maganar ta wuce mafarkin majalisa. Yawan jama'arta ya kai ƙololuwa wajen 2008, da kimanin miliyan 128, tun daga nan kuma yake raguwa. A 2022 jariran da aka haifa ba su kai 800,000 ba, a 2024 kuma suka gaza 700,000. Masana'antu da gidajen kula da tsofaffi da wuraren gini suna neman hannu, shi ya sa yawan baƙin ma'aikata ya haura miliyan 2 a 2023. A Afrilun 2019 gwamnati ta buɗe bizar ma'aikata masu sana'a, wadda ta ƙunshi fannoni irin su gini, noma, kula da tsofaffi, sarrafa abinci da gyaran mota, kuma a 2024 aka ɗaga adadin da za a iya ɗauka zuwa 820,000 cikin shekaru biyar. Sai dai a duba abin da aka gindaya a bakin ƙofar. Ban da jarrabawar sana'a, dole mai nema ya ci jarrabawar harshe, ko dai matakin N4 na JLPT, wadda take da matakai biyar daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya, ko kuma takwararta JFT-Basic. Mai kula da tsofaffi yana da ƙarin jarrabawar kalmomin aikinsa. Rukunin farko na bizar shekara biyar ne kawai ba tare da iyali ba. Wanda ya haura rukuni na biyu ne yake iya sabuntawa ya kuma kawo matarsa da 'ya'yansa, kuma jarrabawar haurawar ba ta yiwuwa ga wanda bai iya karanta umarnin aiki ba.

Akwai wani sauyin da ya fi wannan bayyana lamarin. Tun 1993 Japan take da tsarin ɗaukar baƙi a matsayin masu koyon sana'a, tsarin da ya sha suka a ciki da waje saboda yana ɗaure ma'aikaci ga kamfani guda, ko ana cutarsa ba shi da damar sauya wuri, har dubbai suke gudu su ɓace kowace shekara. A Yunin 2024 majalisar dokokin ƙasar ta amince a maye gurbinsa da sabon tsari da zai fara aiki a 2027. A ƙarƙashinsa ma'aikaci zai iya barin ubangidansa ya koma wani bayan ya yi wani lokaci, amma cikin sharuɗɗan akwai nuna cewa ya kai wani mataki na harshe. Wato dokar ƙasa da kanta ta rataya 'yancin barin mugun ubangida a wuyan iya magana. Uwayenmu da suka ga abin da ya samu 'yan matan da aka kai aikatau ƙasashen Larabawa, har gwamnatin Gana ta dakatar da ɗaukarsu a 2017, sun san darajar wannan 'yanci ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Ga ɗan Kumasi kuwa, babbar alaƙarsa da Japan tana Suame Magazin, inda dubban makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyara suke kwana suna tashi a kan injinan Toyota, Nissan da Mitsubishi. Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, don haka motocin cikin gida na Japan masu sitiyari a dama ba su dace da titunanmu ba, amma inji da giyabos da sauran kayan da ake kira hom-yus suna shigowa kwantena bayan kwantena. Ribar wannan fatauci tana farawa ne tun daga wurin gwanjo da filayen farfasa motoci a can. Kowace motar da ta shiga gwanjo tana ɗauke da takarda guda: a sama akwai makin da mai duba ya ba ta, harafin R yana nuna an taɓa yi mata babban gyara bayan haɗari, a zanen jikinta an sa A inda ta karce, U inda ta loɓa. Waɗannan kowa yana iya haddace su cikin yini ɗaya. Amma a gefe akwai 'yan layuka da mai duban ya rubuta da hannunsa, da Japananci, inda yake faɗin ko injin yana ƙara, ko mai yana yoyo, ko tsatsa ta ci ƙasan motar, kuma a nan kuɗin mutum yake tsira ko ya nutse. Shiga gwanjon ma sai da lasisin dillancin tsofaffin kaya da ake nema ta ofishin 'yan sanda. 'Yan Pakistan da suka shiga Japan a shekarun 1980 a matsayin leburori sun gane haka da wuri. Sun koyi harshen, sun yi rajistar kamfanoni, yau suna cikin manyan masu fitar da tsofaffin motoci, da unguwanninsu da masallatansu a wurare irin su Yashio a jihar Saitama da Imizu a jihar Toyama. Ɗan kasuwarmu da bai iya harshen ba sau da yawa daga hannun irin waɗannan yake saye, bayan sun ɗora tasu ribar.

Za a ce ai Turanci ya isa, ga kuma wayar hannu da take fassara komai. Turanci yana kai mutum filin jirgi da otel da wasu jami'o'i, amma rayuwar ma'aikaci ba a nan take ba. Tana ofishin ƙaramar hukuma inda ake rajistar mazauni da inshorar lafiya, tana wurin mai gidan haya, tana bakin inji inda shugaban aiki zai daka tsawa sau ɗaya a ce a kauce. Waya tana taimakawa wajen karanta allon hanya, ban musa ba, amma ba ta tsayawa tsakanin mutum da likita ta bayyana irin ciwon da yake ji a ƙirji, kuma ba ta gane abin da Bajapane yake nufi in ya ce abu yana da ɗan wuya alhali nufinsa ba zai yiwu ba sam. Japanawa da kansu sun ga illar wannan a girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, lokacin da baƙi da yawa suka kasa fahimtar sanarwar ceto. Daga nan aka ƙirƙiro salon sauƙaƙan Japananci don sanarwar gaggawa, abin da yake nuna cewa mafitar da suka zaɓa ita ce su sauƙaƙa nasu harshen, su jira baƙo ya tako rabin hanya. Musulmi kuma yana da nasa ƙarin dalili. A bayan ledar biredi ko miyar kwalba ana jera abubuwan da aka haɗa da ƙananan haruffa, kuma wanda bai san alamar alade da ta giya ba, bai san cewa mirin da ake zubawa a girki giyar shinkafa ce ba, yana cikin shakka a kowace loma. Maganar ta kai har kabari: fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata a Japan ƙona su ake yi, maƙabartun Musulmi ba su da yawa, kuma a garin Hiji na jihar Oita Musulmin birnin Beppu sun shafe shekaru suna zama da hukuma da mazauna gari kan fili guda. Irin wannan zama ba a yinsa da waya a hannu.

Za a kuma ce harshen ya yi wuya, kuma wannan ƙorafi yana da tushe. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Japananci a rukunin mafi wuya ga mai jin Turanci, da kimanin awa 2,200 na aji. Amma a wannan rukunin dai Larabci yake, harshen da malamanmu na Zango suke koyarwa a zaure ba tare da wani ya ce ya gagara ba. Kuma ma'aunin na Bature ne. Kunnen Bahaushe ya fi nasa shiri. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere yadda muke yi, har obasan ta zama goggo, in an ja wasalin tsakiya ta koma kaka. Suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a kalmar hannu, kuma hawa da saukar murya yana sauya ma'ana a wurinsu, abin da yake wahalar da Bature amma mu da masu Twi muka sha a nono. Ladubban magana da suke tsorata baƙi, inda ake sauya fi'ili gaba ɗaya in ana magana da babba, ba baƙon tunani ba ne ga wanda ya tashi yana durƙusa wa dattijo, yana sakaya sunan ɗan fari. Ainihin nauyin yana wajen rubutu. Akwai hiragana mai alama 46, katakana mai 46, sannan haruffan kanji da aka aro daga Sin, waɗanda jerin gwamnati na 2010 ya ƙayyade 2,136 don amfanin yau da kullum. Yaran Japan ma shekaru tara na makarantar dole suke yi suna tara su, ta hanyar rubutawa da maimaitawa, tamkar almajiri da allonsa, ya rubuta ya wanke ya sake. Matakin N4 ba ya buƙatar dukkansu. Ɗaruruwa kaɗan ne, kuma saurayin da ya ba abin awa biyu kullum da gaske yana iya kaiwa can tun bai bar Kumasi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa mutanen nan ba sa son mu, ga abin da ya faru da Sanjo nan shaida. Ba zan rufe ido a kan wannan ba. Akwai masu gidajen haya da suke ƙin baƙo, baƙar fata yana fuskantar tsayarwar 'yan sanda fiye da wasu, kuma ƙyamar baƙi ta samu murya a siyasar ƙasar. Ban da haka, ƙofar bizar masu sana'a an fi buɗe ta ga ƙasashen Asiya irin su Biyetnam, Indonesiya da Filifin, inda ake gudanar da yawancin jarrabawowin sana'ar. 'Yan Gana a Japan 'yan dubbai ne kawai. Harshe kuma ba ya maye gurbin takarda: wanda bizarsa ta ƙare, ko ya fi Bajapane iya magana, doka za ta kama shi. Amma in aka auna waɗannan gaskiyoyi, sai a ga suna ƙarfafa maganata ne. Tun da ƙofar leburanci ƙunci gare ta, hanyoyin da suka rage na halal su ne karatu da kasuwanci: tallafin karatu na ma'aikatar ilimin Japan da ake nema ta ofishin jakadancinta a Akra, shirin ABE da aka ƙaddamar a 2013 don digiri na biyu da sanin makamar aiki a kamfanoni, makarantun harshe inda aka yarda ɗalibi ya yi aikin awa 28 a mako, ko kafa kamfani. Wasu darussan da Turanci ake yinsu, amma samun aiki bayan an gama yana komawa ga harshe. Oussouby Sacko, Musulmi ɗan Mali da ya shiga Japan a 1991, ya zama shugaban Jami'ar Kyoto Seika a 2018, ɗan Afirka na farko da ya jagoranci jami'a a ƙasar. Ba kowa zai zama shi ba, kuma ba na cewa iya magana yana wanke zuciyar mai wariya. Abin da yake yi shi ne ya ba wanda aka zalunta damar shiga ofishin kula da ƙwadago ya faɗi abin da aka yi masa da bakinsa. Sannan da samarinmu suna iya karanta sanarwar hukumomin Japan daga tushe, da wuya wani ya karɓi kuɗinsu da sunan bizar Sanjo.

Wasu dattawa za su ce wannan duk zuga yara ne su bar gida, wasu kuma su ce in ma za a koyi wani harshe, ai Sinanci ko Jamusanci sun fi kasuwa. Ba na jayayya da mai koyon Sinanci. Sin ta kafa cibiyoyin Confucius a jami'o'in Gana, rediyonta ma yana da sashen Hausa, abin da rediyon NHK na Japan, mai sashen Swahili, ba shi da shi. Amma ƙarancin masu jin Japananci a ƙasar nan shi ne darajarsa. Dangantakar ƙasashen biyu tsohuwa ce: likita Hideyo Noguchi a Akra ya rasu a 1928 yana binciken zazzaɓin shawara, cibiyar binciken lafiya mai sunansa tana Legon tun 1979, masu aikin sa-kai na Japan suna zuwa Gana tun 1977, kuma cakulan mai suna Ghana yana kantunan Japan tun 1964. A 2021 Toyota Tsusho ta buɗe wurin harhaɗa motoci a Tema, Nissan ta biyo baya a 2022. Duk waɗannan suna buƙatar mutumin da zai zauna a tsakani. Makanikin Suame da ya iya karanta littafin gyaran inji daga asali, ko ɗan kasuwar da zai yi ciniki kai tsaye da mai filin farfasa motoci a Chiba, ya amfana ko bai taɓa zama a can ba. Batun barin gida kuwa, yaran suna tafiya ko mun so ko mun ƙi, kuma mun san adadin gidajen da suka yi zaman makoki saboda hanyar Agadas da teku. Shekarar da saurayi zai yi yana koyon harshe shekara ce da take ba shi damar bincike da sake tunani, ba kamar mai koneshan ba da yake cewa a kawo kuɗi kafin Juma'a.

Aikin bai fi ƙarfin Zango ba. Gidauniyar Japan ta sa littafin Irodori kyauta a intanet, da sautinsa, kuma an tsara shi ne musamman don masu zuwa aiki, da darussa kan sayayya, asibiti da wurin aiki. Abin da ya rage shi ne ɗaki, malami da tsari. Makarantun Islamiyya da yawa a Aboabo da Asawase babu kowa a azuzuwansu bayan isha'i. Cikin 'yan Gana da suka yi karatu ko aiki a Japan suka dawo akwai waɗanda za su iya ɗaukar ajin farko, ƙungiyoyin masu sana'a na Suame kuma suna da dalilin biyan su. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 yana da ilimi da koyon sana'a cikin ayyukansa, don haka fadar Sarkin Zango da limamai suna da hurumin neman ya ɗauki nauyin aji ɗaya na gwaji, su kuma rubuta wa ofishin jakadancin Japan da JICA su roƙi a turo malamin harshe Kumasi. A sa wa ajin ma'auni bayyananne, wato cin N5 sannan N4, a buɗe shi ga mata kamar yadda aka buɗe ga maza, a kuma fara da yaran Magazin da suka riga suka san injin Toyota ciki da waje, domin gyaran mota yana cikin fannonin da Japan ta rubuta a doka cewa tana neman ma'aikata.